Wai da gaske zakin nan na littafin Narnia Annabi Isa ake nufi?

Maman_Biyu (Kofar Kaura, Katsina)

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu karance-karancen littattafan Turawa ku taimaka mani da bayani. Ɗiyata tana aji uku na ƙaramar sakandare, yarinya ce mai shegen son karatu, duk abin da ta samu mai bango sai ta ga ƙarshensa, to kawunta ya zo hutu daga Kaduna ya kawo mata wasu littattafai na gwanjo, a ciki akwai wani wai shi The Lion, the Witch and the Wardrobe, labarin wasu yara huɗu da suka shiga cikin wadrob suka ɓulla wata duniya inda dabbobi ke magana. Ni dai da na ga zaki a bangon sai na ce tatsuniya ce irin ta su Gizo da Ƙoƙi amma ta Turawa, ga shi Turancinta na ƙaruwa, shi ke nan.

To sai wata abokiyar aikina, Kirista ce, mutuniyar kirki wallahi mun daɗe tare ba mu taɓa samun matsala ba, ta ga littafin ta yi dariya ta ce Maman Biyu kin san mi ɗiyarki ke karantawa kuwa, ai wannan zakin Yesu ne, mu har misali ake ba mu da shi a coci. Na ce haba dai, zaki? Ta ce je ki tambaya.

Shi ne na zo tambaya. Gaskiya ne mai littafin haka ya nufa ko dai mutane ne kawai suke fassara abin yadda suka ga dama, don na san akwai masu ganin addini ko a cikin kwalin ashana. Sannan akwai wani fim mai tsawon tsiya Lord of the Rings da ƙannen maigidana ke kwana kallo a laftof, shi ma an ce mani wanda ya rubuta abokin wancan ne kuma tafiyarsu ɗaya. In haka ne mi ya kamata in yi, in amshe littafin ko in ƙyale ta, don yarinyar har ta fara tambayar sauran wai guda bakwai ne. Don Allah ban da zagi da gori, a nan akwai Musulmi akwai Kirista, bayani nake so.

Dan_Malumfashi

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni Kirista ne, Bahaushe haifaffen Malumfashi, don haka bari in faɗa maki tsakani da Allah ba kwana-kwana: abokiyar aikinki ba ta yi ƙarya ba, kuma ba fassarar mutane ba ce, shi mai littafin bai taɓa ɓoyewa ba.

Sunansa C.S. Lewis, an haife shi a 1898, malamin adabi ne a jami'ar Oksfod ta Ingila. Tun yana saurayi ya watsar da addini gaba ɗaya ya ce babu Allah, sai a 1931 ya dawo Kiristanci, kuma cikin waɗanda suka jawo shi har da Tolkien mai Lord of the Rings ɗin da kika ambata, wani dare suka yi ta zagaya harabar kwalejin suna muhawara har tsakar dare ta wuce. Daga nan ya zama babban mai kare addinin Kirista, lokacin yaƙin duniya na biyu har a rediyon BBC yake bayani. To mutum irin wannan in ya zauna rubuta wa yara labari ai kin san abin da ke cikin zuciyarsa sai ya fito. Narnia littafi 7 ne, daga 1950 zuwa 1956, na hannun ɗiyarki shi ya fara fitowa.

In kina son ki gani da idonki ki buɗe babi na 14 da na 15, ba su da tsawo. Yaron nan Edmund ya ci amanar 'yan'uwansa saboda kwaɗayin alawa da alƙawarin sarauta da Farar Mayya ta yi mashi. Mayyar ta zo ta ce akwai tsohuwar doka rubuce a jikin Teburin Dutse, duk maci amana jininsa nata ne. Zakin, Aslan, bai ce dokar ƙarya ce ba, sai ya ja ta gefe suka yi magana ba wanda ya ji, ashe kansa ya ba da a madadin yaron. Da dare ya sulale yana tafiya kai a sunkuye yana jan ƙafa, 'yan matan biyu Susan da Lucy suka biyo shi, ya ce su sa hannu cikin gezarsa don baƙin ciki da kaɗaici sun ishe shi. Mu da muka tashi da Linjila nan take muke tuna daren Getsamani, lambun da Yesu ya yi addu'a cikin baƙin ciki kafin a kama shi. Aka ɗaure shi tamau bai yi gardama ba alhali da mari ɗaya zai iya watsa su, aka aske mashi geza tas, aka sa mashi takunkumi, ana ihu ana cewa ashe ƙatuwar kyanwa ce kawai, sannan mayyar ta soke shi da wuƙar dutse. Wannan shirun da ya yi ana mashi aski daga Ishaya 53:7 yake, inda aka yi maganar tunkiyar da ba ta buɗe baki a hannun masu sausayarta.

Su wa suka kwana wajen gawa? Mata biyu. Ɓeraye suka zo suka gwigwiye igiyoyin. Gari na wayewa sun juya baya sai suka ji wata ƙara, teburin ya tsage gida biyu, gawa babu, sai ga shi tsaye gezarsa ta dawo har Susan na tambaya ko fatalwa ce. A Linjila ma mata ne suka fara zuwa kabari da asubar Lahadi, labulen Haikali ya tsage biyu, almajirai kuma da suka gan shi sun zaci fatalwa ce. Bayan haka ya nufi gidan mayyar yana hura numfashi kan waɗanda ta mai da duwatsu suna farfaɗowa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ki lura ana kiran Aslan ɗan Babban Sarki na hayin teku, shi wannan Sarkin ba a taɓa nuna shi ba ko sau ɗaya. Zaɓen zaki ma ba banza ba, a Wahayin Yahaya 5:5 an kira Almasihu Zakin kabilar Yahuza.

Shi Lewis yakan ce ba wai ya ɗauko Linjila ya canza wa mutanen ciki suna ba ne, tambaya ya yi wa kansa, a ce akwai wata duniya ta dabbobi masu magana ita ma tana bukatar ceto, da wace siffa Almasihu zai je mata. Ni a ganina ga yaro mai karatu duk ɗaya ne. Kuma tun da kin ce tana neman sauran gara ki sani tun yanzu, a ƙarshen The Voyage of the Dawn Treader na 1952 yaran sun tarar da ɗan rago fari ya gasa masu kifi a bakin ruwa, sai ɗan ragon ya rikiɗe ya zama Aslan, ya ce masu a duniyarku ina da wani suna, kuma dalilin kawo ku nan shi ne in kun san ni kaɗan a nan ku fi sanina a can. Ban san yadda marubuci zai fito fili ya wuce haka ba.

Zancen amshewa ko bari kuwa ba zan sa baki ba, ke ce uwa.

Gobarau_1

Hajiya amshe kawai, mi ake jira. Ɗan'uwanmu na Malumfashi ya kyauta da ya faɗi gaskiya bai yi ɓoye-ɓoye ba, shi da kansa ya kawo maki hujja. Mu Annabi Isa alaihis salam annabinmu ne, imanin mutum ba ya cika sai da shi, amma Suratun Nisa'i aya ta 157 ta yanke magana, ba su kashe shi ba ba su gicciye shi ba, kamanta masu aka yi. Sannan a wurare da yawa Alƙur'ani ya maimaita cewa wata rai ba ta ɗaukar nauyin laifin wata, duba ƙarshen Suratul An'am. To duk labarin nan a kan mi aka gina shi in ba a kan kishiyar waɗannan biyun ba? Mai laifi ya tsira, marar laifi ya mutu a madadinsa, ya tashi, kuma wai ɗan Sarki ne.

Abin tsoron ba wai za ta karanta ta tashi gobe ta ce ta canza addini ba ne, a'a, yarinya ƙarama za ta yi kuka don zaki ya mutu ta yi tsalle don ya tashi, abin ya shige zuciya ta bayan gida tun hankali bai tambaye shi daga ina kake ba. Shi marubucin ai dabarar da ya yi ke nan kuma ya iya. Ga Magana Jari Ce, ga Ruwan Bagaja, ga tarihin sahabbai, in Turanci ake so akwai littattafan da ba ruwansu da aƙida. Allah ya shirya mana zuri'a.

Na_Kusugu (Daura)

Salamu alaikum. Na daɗe ina koyar da adabi a sakandare nan Daura kafin in aje alli, to zancen nan ya zo inda nake so. Hajiya tambayarki ta biyu ce ba a taɓa ba, ta Tolkien, kuma a nan ne mutane ke haɗa abin da bai haɗu ba.

E abokai ne, duka malaman Oksfod, suna da wani zaman hira da ake ce wa Inklings inda kowa ke karanto wa sauran abin da yake rubutawa. Amma Tolkien bai so Narnia ba sam, kuma ya rubuta da hannunsa a gabatarwar littafinsa cewa ya tsani irin labarin da ake cewa wane yana wakiltar wane, kaza tana nufin kaza. Irin wancan salon uban gidansa shi ne The Pilgrim's Progress na John Bunyan, 1678, inda jarumin sunansa ma Kirista, yana tafe da ƙaton kaya a baya har ya iso gindin gicciye kayan ya faɗi. Lewis jikan wannan gidan ne ko ya yarda ko bai yarda ba. Tolkien ba nan ya bi ba.

Ba kuma don ya fi sakaci da addini ba, ƙila ma ya fi riƙo. An haife shi 1892 a Afirka ta Kudu, uwarsa ta koma Katolika a 1900 danginta suka juya mata baya suka yanke taimakon da suke mata, ta rasu 1904 yana ɗan shekara 12, wani fada, wato limamin Katolika, mai suna Francis Morgan ya riƙe shi da ƙanensa. A wata wasiƙa ta 1953 ya gaya wa wani fada abokinsa cewa littafin a tushensa aikin addini ne na Katolika, da farko ba da gangan ba amma da ya zo gyara da saninsa ya yi, kuma wai shi ya sa ya cire kusan duk wani ambaton ibada. Ka karanta shafi sama da dubu ba coci, ba limami, ba huɗuba. Addinin nasa daddawa ce a miyar kuka, ba ka tsamo ta da cokali ka nuna wa mutane amma ta game ko'ina.

Masu nazari na Kirista sun saba cewa ya raba siffar Almasihu gida uku, annabi da firist da sarki. Gandalf, tsohon da ke jagorantar ayarin, ya tsaya a kan gada a Moria ya tare dodon wutan nan Balrog don sauran su tsira, suka faɗa rami tare, ya mutu, ya dawo da fararen kaya. Aragorn sarki ne da aka daɗe ana jira, yana yawo a daji da tsohuwar alkyabba ana mashi kallon ɗan iska, ya ratsa hanyar matattu ya fito, kuma abin da mutanen birni suka gane shi da shi ba takobi ba ne, warkar da majinyata ne da wani ganye da kowa ya raina. Frodo ya ɗauki kayan da ba shi ya jawo ba, wato mugun zoben da za a je a jefa cikin wutar wani dutse, yana hawan dutsen yana faɗuwa har sai da abokin tafiyarsa Sam ya goya shi. Har kwanan wata bai bari ba, ayarin ya bar Rivendell ranar 25 ga Disamba, zoben ya halaka ranar 25 ga Maris, ranar da Katolika ke tunawa da busharar Mala'ika Jibrilu ga Nana Maryamu, wadda kuma a tsohuwar al'adarsu ita ce ranar gicciye. Mutumin da ya zauna yana lissafin fitowar wata a cikin labarinsa ba zai sa waɗannan ranaku bisa kuskure ba.

To amma ga inda nake tsayawa. Gandalf a tsarin Tolkien ɗan aike ne irin mala'ika, bawa ne, ba shi ya ta da kansa ba mai da shi aka yi don aikinsa bai ƙare ba, kuma mutuwarsa ba ta wanke zunubin kowa ba. Frodo kuwa kasawa ya yi! Wannan mutane ke mantawa. Bayan duk wahalar nan ya isa bakin wutar, ya tsaya, ya ce ba zai jefa ba zoben nasa ne, ya zura a yatsa. Gollum, wannan ƙazamar halitta da Bilbo, wanda ya riƙi Frodo, ya tausaya wa bai kashe ba, Frodo ya tausaya wa, Sam ma dab da ƙarshe ya ɗaga takobi ya fasa, shi ne ya gartsa mashi cizo ya cire yatsan da zoben, yana rawar murna ya zame ya faɗa wuta. Wane Almasihu ne zai kasa a ranar da aka fi bukatarsa? Abin da ke nan shi ne ɗan'adam mai rauni ne, ya yi iya yinsa, ƙarasawa ta Mai ƙaddarawa ce, kuma tausayin da aka yi wa wanda bai cancanta ba shi ya dawo ya yi rana. Ka faɗi wannan a zauren kowane malami ba wanda zai ce ka yi saɓo. In ka koma The Silmarillion da ɗansa ya fitar a 1977 bayan rasuwarsa, akwai Mahalicci guda ɗaya, Eru, ya halicci wasu ruhohi, mafi ƙarfi da sani a cikinsu Melkor girman kai ya ɗebe shi ya bijire. Duk wanda ya san ƙissar Iblis ya ji ƙamshin. Ba na ce Musulunci ne ba fa, akwai sauran ruhohin da ya ba kowanne mulkin teku ko iska ko ƙasa, waɗanda suka fi kama da allolin tsoffin Turawa, wannan ma a sani.

Malam Gobarau ka ce a ba ta namu, na yarda, amma namun daga ina suka fito? Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da muka sha karantawa muna yara, asalinsa Ilya Muromets ne, jarumin waƙoƙin gargajiyar Rashawa, wanda ya yi shekara 33 ba ya iya tafiya sai wasu matafiya masu ziyarar ibada suka warkar da shi, ya je ya yi wa sarki Vladimir na Kiev hidima. Waldima da birnin Kib ke nan da muka haddace. Cocin Otodoks waliyyi suka ɗauke shi, har yau gawarsa na ajiye a gidan ibadar kogo a Kiev. Marubucinmu ya karanta, ya gane abin da ke ciki, ya tace, ya fito mana da Iliya Musulmi. Haka Abubakar Imam da ya yi karatu kuma ya koyar a Katsina, da ya je Zariya a 1936 rubuta Magana Jari Ce littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai ya baje a gabansa har da tatsuniyoyin Grimm na Jamus. Da an amshe masu littattafan nan da ba mu da abin da kake cewa a ba ta.

Ni shawarata Hajiya ki zauna da ita ku karanta babi biyun nan tare, ki ce mata wannan shi ne abin da maƙwabtanmu Kirista suka yi imani da shi game da Annabi Isa, ga kuma abin da Alƙur'ani ya ce, ki buɗe mata ayar. Littafin da aka ƙwace a ɓoye ake ƙarasa shi, kuma fim ɗinsa na 2005 na nan a wayar ƙawayenta.

Gobarau_1

Ranka ya daɗe Malam na ji bayaninka kuma na ƙaru, musamman zancen Iliya. Amma Abubakar Imam lokacin da ya baje littattafan nan babban mutum ne, ɗan gidan malamai, ya sha Larabci da karatun addini tun kafin boko, ya san abin da zai ɗauka da abin da zai zubar. Ita kuma wannan yarinya ce 'yar aji uku. Ba a haɗa mai tacewa da wanda ake ba ya sha. Kuma iyaye nawa ne za su zauna su yi wannan karatun tare da kake faɗa, yawanci littafi za a miƙa a tafi kicin.

Yar_Rafindadi

Mama ni na karanta duka bakwai ɗin ina ƙaramar sakandare kamar ɗiyarki, kuma wallahi ko a mafarki ban kawo Annabi Isa ba, ni dai zaki ne mai kirki, sai da na shiga jami'a wata malama ta faɗa a aji na ce au. Ban ce kowa haka zai zama ba amma ni sallata ba ta ragu ba.

Abin da ya ƙona mani rai tun a lokacin wani abu ne daban da ba wanda ya ambata a nan. A The Horse and His Boy na 1954 da kuma na ƙarshen The Last Battle akwai wata ƙasa Calormen a kudu bayan hamada, mutanenta masu duhun fata ne, masu rawani da gemu da takubba lanƙwasassu, suna cinikin bayi, suna magana da karin magana da kirari, duk sanda aka ambaci sarkinsu sai an ce ya rayu har abada, kuma su ne miyagu, su kuma mutanen Narnia farare masu gaskiya. Ina karantawa ina tuna hawan sallah a ƙofar Soro, na ce to ai mu ne waɗannan. Masu kare shi suna cewa ai ba Musulmi yake nufi ba tun da gunki suke bauta wa, Tash, mai kan tsuntsu da hannu huɗu, kuma akwai na kirki a cikinsu kamar yarinyar nan Aravis. Na ji, amma kayan jikin na wa ne? In za ki tattauna wani abu da ita ki haɗa da wannan, don ni shi ya fi zama mani a rai fiye da mutuwar zaki.

The Last Battle ɗin kuma abin mamaki shi ne wanda Musulmi zai fi saurin ganewa. Wani tsohon biri mai wayo ya tsinci fatar zaki ya lulluɓa wa wani jaki marar wayo, ya ɓoye shi a bukka, sai da dare yake fito da shi a hasken wuta daga nesa yana cewa ga Aslan ya dawo, yana ba da umarni da sunansa ana sare itatuwa ana sai da dabbobi bayi. Ni Dujal kawai na tuna. Daga nan taurari suka zubo, rana ta mutu, duk halittu suka zo suka wuce ta gaban Aslan kowa ya kalli fuskarsa, wasu suka yi dama wasu suka yi hagu. Sai wani sojan Calormen mai suna Emeth da ya yi rayuwarsa duka yana bauta wa Tash da zuciya ɗaya, Aslan ya karɓe shi ya ce duk alherin da ya yi da sunan Tash shi ya yi wa. Ita kuwa Susan da ta kwana tana kuka wajen gawarsa ba ta cikin waɗanda suka shiga, wai ta girma hankalinta ya koma kan jan baki da gayyatar biki. Wannan har yau haushi yake ba ni.

Dan_Malumfashi

Ƙanwata zancen Calormen kin yi gaskiya, ni ma da rawani da babbar riga kakannina suka tashi, ban ji daɗinsa ba. Emeth kuma ki san cewa a cikinmu ma rigima ce, akwai fastoci da yawa da ke ganin Lewis ya kauce a nan, don in mai bautar gunki zai tsira da kyakkyawar niyya to ina amfanin bishara. Kuma kada ku zaci duk Kirista na son littattafan nan, akwai gidajen da ba a shiga da su saboda mayu da sihiri. Harry Potter ma haka aka yi ta yaƙarsa a coci-coci, alhali a na ƙarshen da ya fito 2007 yaron ya miƙa kansa a kashe shi don sauran ya dawo, kuma a kan kabarin iyayensa ayar 1 Korantiyawa 15:26 ce a rubuce.

Baba Na_Kusugu, da girmamawa, kasawar Frodo da ka ce ta fitar da shi daga Kiristanci ni a wurina ita ce tsakiyar koyarwarmu, cewa ba mai ceton kansa da ƙoƙarinsa sai da alherin Allah. Tolkien da kansa a wasiƙunsa ya danganta wurin da Addu'ar Ubangiji, inda muke roƙon kada a kai mu cikin jaraba amma a cece mu daga mugun. Ga kuma gurasar nan lembas da ƙarfinta ke ƙaruwa in ita kaɗai mutum ya dogara da ita, 'yan Katolika na ganin Jibin Ubangiji a ciki, sarauniya Galadriel ta cikin labarin kuma ya yarda akwai tasirin Maryamu a siffarta. Ka ce Frodo ba Almasihu ba ne na yarda, amma labarin namu ne.

Na_Kusugu (Daura)

Ɗana ban ƙwace maku shi ba, mai shi ma ya ce na Katolika ne, ni wa. Abin da na ce shi ne a Tolkien abin da ya fito fili, raunin ɗan'adam da tausayi da ƙaddara da fitinar mulki, mu da ku duk mun yarda da shi, wanda muka saɓa a kai kuwa ya nutse sai mai nema. A Lewis kuma ainihin wurin saɓanin shi ne ƙashin bayan labarin. Shi ya sa ba na ba su hukunci ɗaya.

Malam Gobarau maganarka ta iyayen da ba za su zauna ba tana da nauyi, in ba za a zauna ɗin ba to gara a jinkirta mata Narnia har ta ƙara hankali, a nan ba mu da faɗa. Amma wadda ta zo nan ta rubuta wannan doguwar tambaya ba ta yi kama da mai miƙa littafi ta tafi kicin ba.

Hajiya in tana ƙishirwar irin wannan labarin ki nemo mata The Hobbit na 1937, dodo ne da dukiya da tafiya, Turancinsa ma ya fi na Lord of the Rings sauƙi nesa ba kusa ba, wancan sai ta kai babbar sakandare don babin farko-farko ma manya na barci a kai. Iliya Ɗan Maiƙarfi kuwa ki tambaya wajen masu sai da littattafan Hausa a babbar kasuwa, bugun kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya ne, siriri ne kwana biyu ta gama shi.